Gumakan Indiya a Baƙunci: Labarin Kumasi da na Japan

A shekara ta 1955 wani kamfanin buga kalanda da ke birnin Bombai na ƙasar Indiya, mai suna Shree Ram, ya sami saƙo daga waɗansu 'yan kasuwa a Kumasi. Sun aika masa da wani tsohon hoto, suka ce a buga musu irinsa, kada a sāke ko layi ɗaya. Kamfanin ya buga guda 12,000, aka yi jigilarsu zuwa Gwalkwas, wato Ghana ta yau. Hoton na wata mace ce mai baƙin gashi mai yawa wanda ya bazu bisa kafaɗunta. Tana saye da 'yan kunne da abin wuya, maciji ya kewaye jikinta ya miƙe kai, ta kuma ɗaga wani a hannunta. A gefe guda akwai ɗan ƙaramin zane na wani mutum a zaune yana yi wa macizai busa.

Dattawan Asawase da Aboabo da Sabon Zango sun san wannan hoto sarai. An daɗe ana ganinsa a shagunan aski, da rumfunan masu magani, da jikin motocin haya. In aka tambayi mutum ko wace ce wannan, ba ya jinkiri, sai ya ce Mami Wata ce, uwargijiyar ruwa, mai ba da dukiya ga wanda ta so, mai karɓar hankalin wanda ya karya mata alkawari. Waɗansu kuwa sukan ƙara da cewa gunkiya ce ta Indiyawa, tun da yake daga Indiya aka kawo takardar.

Dukansu biyu ba su faɗi asalin abin ba. Matar nan mutum ce kamar kowa, mai wasa da macizai ce a birnin Hambug na Jamus, a wurin nunin namun daji na wani attajiri mai suna Carl Hagenbeck. Wajen shekarun 1880 maɗaba'ar Adolph Friedländer ta buga hotonta domin talla, don mutane su sayi tikiti su shiga kallo. Ma'aikatan jirgin ruwa da fatake suka zo da takardar gaɓar Afirka ta Yamma. Kafin shekara ta 1901 har an sassaƙa kamanninta a garin Bonny, a kudancin Nijeriya, an maishe ta iskar ruwa. Masanin nan Henry Drewal, wanda ya bi sawun hoton shekaru da yawa, ya lura da wani abu ƙarami mai ma'ana: zanen ya tsaya a ƙugun matar, ba a ga ƙafafunta ba. Saboda haka mai kallo yana da damar ya ce daga nan zuwa ƙasa wutsiyar kifi ce.

Me ya sa hoton ya sami karɓa haka? Domin ya tarar an riga an share masa wuri. Tonawa suna girmama kogin Tano da tafkin Bosomtwe tun kafin wani Bature ya taka ƙasarsu. Hausawan da suka biyo hanyar goro daga Kano da Katsina zuwa Salaga, waɗanda suka gangaro Kumasi da yawa bayan yaƙin basasar Salaga na 1892 da kuma bayan da Ingilishi suka ci Asante, sun zo da labarin 'yan ruwa, 'yan borinsu kuma sun san Sarkin Rafi. Kowace kabila tana da abin da take tsoro a cikin ruwa mai zurfi, amma ba ta da fuskarsa a takarda. Sai ga fuska ta zo a kan farashi mai araha.

Bayan wannan, ainihin hotunan gumakan Indiya su ma suka biyo baya. Hanyoyinsu uku ne. Ta fari ita ce ta 'yan kasuwa Indiyawa, yawancinsu mutanen Sindh, masu kantuna a Akra da Kumasi, waɗanda sukan raba wa abokan ciniki kalanda a farkon shekara. Ta biyu ita ce ta soja. Daga 1943 zuwa 1945 dubban 'yan Gwalkwas, cikinsu har da 'yan Zango da 'yan Arewa da yawa, sun bi ta Indiya zuwa yaƙin Bama a cikin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, inda suka gwabza da sojan Japan. Sunan barikin Burma Camp a Akra da na Myohaung a Takoradi shaida ce har yau. Waɗanda suka komo sun ga haikalin Hindu da idonsu, suka kuwa ba da labari, wani lokaci har da ƙari. Ta uku ita ce siliman Indiya, wanda 'yan Zango suka so ƙwarai tun daga shekarun 1950. Ta haka Indiya ta zama, a tunanin mutane da yawa, ƙasar da asiri yake da ƙarfi fiye da ko'ina.

A gaɓar teku, tsakanin Ewe da Mina na Togo da Binin, abin ya yi nisa. Akwai gunkin Hindu mai suna Dattatreya, wanda ake zana shi da kai uku da hannu shida, da karnuka huɗu da saniya a bayansa. A wurin Hindu, kawunan nan uku suna nuna Brahma da Vishnu da Shiva a haɗe. Masu bautar vodu suka sayi hoton, suka ce Densu ne, mijin Mami Wata, suka zana shi a bangon ɗakunan tsafinsu. Ba su tambayi Ba'indiye ko ɗaya ma'anarsa ba, ba su kuwa ga dalilin tambaya ba. Fuskar ta Indiya ce, amma suna da labari da hadaya duk na gida ne.

To, mai karatu ya riƙe wannan a zuciyarsa, gama akwai wata ƙasa inda gumakan Indiya suka yi baƙunci fiye da shekara dubu kafin Kumasi, ta wata hanya dabam. Ƙasar nan ita ce Japan.

Addinin Buddha ya tashi a arewacin Indiya wajen ƙarni biyar kafin haihuwar Almasihu. Mabiyansa ba su ce gumakan Hindu babu su ba. Abin da suka yi shi ne, sun rage musu matsayi, suka maishe su dogarai da barori masu tsaron koyarwar Buddha. Saboda haka duk inda littattafan Buddha suka tafi, gumakan nan suna biye kamar yaran ayari. Littattafan suka haye duwatsu da hamada zuwa ƙasar Sin, aka juya su da Sinanci, suka wuce Koriya. A tsakiyar ƙarni na 6, a shekara ta 538 ko 552 bisa ga littattafan tarihi biyu da suka saɓa, sarkin Baekje na Koriya ya aika wa sarkin Japan siffar Buddha da littattafai. Fadawa suka rabu biyu, waɗansu suna cewa allolin ƙasa, waɗanda Japanawa suke kira kami, za su yi fushi da baƙon. Aka yi yaƙi a kan wannan, masu son baƙon suka yi nasara. A 593 Yarima Shotoku ya kafa haikalin Shitennoji a wurin da ake kira Osaka yau, don sarakuna huɗu masu tsaron kusurwoyin duniya, su huɗun kuwa 'yan asalin Indiya ne. A 752, sa'ad da aka keɓe babbar siffar Buddha ta tagulla a haikalin Todaiji na birnin Nara, wani malami Ba'indiye mai suna Bodhisena ne aka ba alkalami ya zana mata idanu.

Kalmar da Indiyawa suke kiran allolinsu da ita, wato deva, an juya ta da harafin Sinanci mai nufin sama, wanda Japanawa suke karantawa ten. Don haka yawancin baƙin nan sunansu yana ƙarewa da ten. Brahma ya zama Bonten. Indra, mai tsawa, ya zama Taishakuten, yana da sanannen haikali a unguwar Shibamata ta birnin Tokyo. Lakshmi ta zama Kichijoten. Yama, alƙalin matattu, ya zama Enma, wanda iyaye sukan tsorata yara da shi cewa yana cire harshen maƙaryaci. Har hadayar wuta da firistocin Hindu suke kira homa tana nan a haikalin ɗariƙar Shingon da sunan goma. Kukai, wanda ya kafa ɗariƙar, ya tafi Sin a 804 ya komo a 806 da wannan ilimi, da kuma wani tsohon rubutun Indiya mai suna Siddham, wanda Indiyawa suka bari tuntuni amma ana rubuta shi a makabartun Japan har yanzu.

Amma baƙo in ya daɗe yakan ɗauki halin masu gida, labarin Mahakala kuwa ya fi kowanne nuna haka. A Indiya sunansa yana nufin Babban Baƙi, siffa ce ta Shiva mai ban tsoro, da haƙora a waje da ƙoƙunan kai a wuya. Sai dai wani matafiyi Basine mai suna Yijing, wanda ya zauna a Indiya a ƙarshen ƙarni na 7, ya ba da labari cewa a gidajen sufaye ana ajiye siffarsa kusa da ɗakin girki, riƙe da jakar zinariya, ana shafa masa mai har ya yi baƙi. Wannan fuska ta ɗakin girki ce ta yi ƙarfi a Japan, inda aka juya sunansa aka ce Daikoku. Sa'an nan wani tsautsayi na harshe ya auku. Akwai tsohon kami na ƙasar mai suna Okuninushi, haruffan farko na sunansa kuwa ana iya karanta su Daikoku su ma. Mutane suka haɗa su biyun suka zama ɗaya. Yau Daikokuten ɗan gajeren mutum ne mai ƙiba, yana murmushi, yana tsaye a kan buhunan shinkafa, da guduma ta sa'a a hannu da jaka a kafaɗa. Ba'indiyen da ya gan shi ba zai taɓa cewa Shiva ne ba.

Kubera, mai tsaron dukiya, wanda ake kira Vaishravana, shi kuma ya bi akasin wannan hanya. A Indiya mai tumbi ne da jakar kuɗi. A Japan ya zama Bishamonten, jarumi mai sulke da māshi, har wani shugaban yaƙi na ƙarni na 16, Uesugi Kenshin, ya sa harafin farko na sunansa a tutarsa. Ganesha mai kan giwa, wanda a Indiya ake ganinsa a bakin kowace ƙofa, a Japan an ɓoye shi a cikin akwati da sunan Kangiten, ba a yarda jama'a su gan shi ba. Cikin alloli bakwai na sa'a da Japanawa suke zanawa a jirgin ruwa lokacin sabuwar shekara, uku daga Indiya suke, uku daga Sin, ɗaya tak, Ebisu mai kamun kifi, shi ne ɗan ƙasa.

Ta ukun 'yan Indiyan nan ita ce za ta ba mutumin Kumasi mamaki. Saraswati sunan kogi ne a tsofaffin waƙoƙin Hindu, daga baya ta zama uwargijiyar magana da ilimi da kiɗa, ana zana ta da molo mai suna vina. Ta shiga Japan ta cikin wani littafin Buddha da ake kira Littafin Hasken Zinariya, wanda Sarki Shomu ya umarta a 741 a riƙa karantawa a kowane lardi domin tsaron ƙasa. Sunanta ya zama Benzaiten, molonta ya zama biwa ta Japan, amma ba ta rabu da ruwa ba. Manyan wurarenta uku duk tsibirai ne: Enoshima, da Chikubushima a tafkin Biwa, da Itsukushima. Da tafiya ta yi tafiya aka haɗa ta da Ugajin, wani kami mai jikin maciji da kan tsoho, farin maciji ya zama manzonta. Aka kuma sāke harafi ɗaya a sunanta, aka cire mai nufin gwaninta aka sa mai nufin dukiya. A Kamakura akwai wata maɓuɓɓuga tata inda mutane suke wanke kuɗinsu a cikin ɗan kwando, da begen su riɓaɓɓanya.

Ga mace kyakkyawa, ga ruwa, ga maciji, ga kuɗi. Wanda ya ji wannan zai yi saurin cewa ai Mami Wata ce, kuma irin wannan saurin ne yake ɓad da mutane. Kama iri iri ce. Akwai kama ta gado, kamar ta ɗa da ubansa: tsakanin Saraswati da Benzaiten ana iya nuna littafin da ya ɗauke ta, da mai juyin, da shekara. Akwai kama ta aro, kamar ta mutum biyu da suka sa riga ɗaya: haka Dattatreya da Densu suke. Akwai kuma kama wadda ba gado ba aro, ita ce ta Benzaiten da Mami Wata. Babu wata hanya a tarihi da ta haɗa su. Abin da ya haɗa su shi ne halin 'yan adam, gama ko'ina ruwa yana ba da abinci yana kuma cin rai, maciji yana zama a bakin ruwa, talauci kuwa yana sa mutum ya nemi wanda zai ba shi arziki da dare ɗaya. Masu cewa dukan alloli ɗaya ne, suna ne kawai ya bambanta, sukan zuba iri ukun nan a ƙwarya guda su dama. Mutanen Listira ma da kama suka yi hukunci, ran da suka kira Barnaba Zafsa, Bulus kuma Hamisa.

Malaman Japan na dā sun shirya wa wannan haɗe-haɗe koyarwa sosai. Suka ce kowane kami inuwa ce ta wani Buddha wanda ya bayyana da tufafin ƙasar. Amaterasu, uwargijiyar rana wadda gidan sarauta yake cewa daga gare ta ya fito, aka ce ita ce Dainichi, babban Buddha na ɗariƙar Shingon, wanda sunansa yake nufin Babbar Rana. Haka aka zauna ƙarnuka da dama. Sai a 1868 sabuwar gwamnatin Sarki Meiji ta ba da doka a raba kami da Buddha, domin tana son addinin ƙasa tsantsa wanda zai ɗaukaka sarki. Aka ƙone siffofi, aka narkar da ƙararrawa, a lardin Satsuma kusan ba haikalin Buddha da ya tsira. A Enoshima aka ce ba Benzaiten ake yi wa sujada ba, waɗansu 'yan'uwa mata uku ne na tatsuniyar Japan. Talakawa suka ji dokar, suka ci gaba da kiran wurin da sunan Benten. Hukuma tana iya sāke allon da ke bakin ƙofa cikin yini ɗaya, amma abin da kaka ta koya wa jika ba ya bin takardar gwamna.

Masu bishara ma sun taka wannan santsi. Francis Xavier ya sauka a Kagoshima ran 15 ga Agusta 1549, tare da wani Bajapane mai suna Anjiro wanda aka yi wa baftisma a Goa. Da aka nemi kalmar da za a kira Mahalicci da ita, Anjiro, wanda ba malami ba ne, ya ba da Dainichi. Sufayen Shingon suka karɓi baƙin da murna, suna tsammani wani sabon reshen addininsu ne, balle da suka ji daga Indiya jirginsu ya taso. Sai a 1551 Xavier ya gane abin da jama'a suke ji in ya ambaci sunan. Ya hana amfani da shi, ya koma ga kalmar Latin, Deus. Abokan gāba kuwa suka juya ta suka ce daiuso, wato babbar ƙarya. Wannan wahala ba ta sami masu juya Littafi Mai Tsarki a wannan yanki da irin wannan nauyi ba. Christaller na Mishan Basel, wanda ya gama juyin Twi a 1871, ya tarar Tonawa da 'yan'uwansu suna da Onyankopon, Mahalicci wanda ba a sassaƙa masa siffa, wanda suka bambanta shi sarai da abosom na koguna da duwatsu. Juyin Hausa na 1932 kuma ya ɗauki sunan Allah, wanda Kiristoci Larabawa suke kira tun kafin Hijira. Dainichi kuwa ya riga ya zo da siffarsa da koyarwarsa da firistocinsa, ba wurin da za a zuba sabuwar ma'ana.

Akwai kuma lokacin da kama ta ceci rai. Bayan da aka haramta bangaskiyar Kirista a Japan a 1614, aka kashe masu bi da yawa, sauran suka ɓuya a ƙauyukan wajen Nagasaki. Suka riƙa sayen farar siffar tangaran ta Kannon, wadda ake yi a Sin, mace riƙe da jariri. Kannon ɗin nan ma daga Indiya ta fito, inda take namiji mai suna Avalokiteshvara, a Sin ne ta zama mace. Jami'in da ya shigo bincike yakan ga siffar Buddha ya wuce, masu gida kuwa Maryamu da Ɗanta suke tunawa. Haka suka yi tsara bayan tsara, ba firist, ba Littafi, suna yi wa 'ya'yansu baftisma a ɓoye. Ran 17 ga Maris 1865 waɗansu mutanen ƙauyen Urakami suka shiga sabuwar majami'ar Oura da aka gina domin Turawa, suka bayyana kansu ga Fada Petitjean. Aka sāke tsananta musu, aka kwashe dubbai zuwa wasu larduna, sai a 1873 aka cire allunan haramcin. Waɗansu daga cikin ɓoyayyun ba su yarda su koma cikin ikkilisiya ba, domin a cikin shekara 250 addu'o'insu da al'adunsu sun riga sun zama wani abu dabam, suka zaɓi su riƙe abin da kakanninsu suka bar musu.

A Ghana ta yau, Hindu ba a kalanda kaɗai take ba. A 1975 wani ɗan ƙasar, wanda ya yi karatu a Rishikesh ta Indiya, ya zama Swami Ghanananda, ya kafa gidan sufaye na Hindu a Odorkor cikin Akra, ya shugabance shi har rasuwarsa a 2016. Yawancin masu sujada a wurin 'yan Ghana ne, suna kuwa kiran gumakan da sunayensu na Indiya. A cikin birnin nan kuma akwai mabiya koyarwar Nichiren, wani malamin Buddha na Japan na ƙarni na 13. Su ba sa ajiye siffa, takarda ce mai rubutun Sinanci suke ratayewa a cikin akwati su durƙusa a gabanta. A kusurwoyinta huɗu an rubuta sunayen sarakunan nan huɗu masu tsaro, Bishamon yana cikinsu, a tsakanin sauran sunayen kuma akwai Bonten da Taishaku, wato Brahma da Indra.